Motar da Aka Bari a Gida: Jawabi ga 'Yan Tamawa Mazauna Birane



An nemi in yi tsokaci a kan abin da da yawanmu muke yi ba tare da shiri ba, wato ajiye mota ta yi watanni ba a hau ba. Wani aiki ne ya kai shi nesa, wani karatu. Wani kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ya kawo tasa gida ya jingine. Sai ranar da haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ana neman kai mace asibiti a Dutsin-Ma, a murɗa makulli a ji shiru. Wannan ranar nake so mu guje wa.

Mu sani, zama ya fi tafiya cin mota. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zafin bazara yana busar da roba, laimar damina tana kawo tsatsa. Amma babban abokin gaba a ƙauye shi ne ɓera. Saboda haka kada a ajiye mota kusa da rumbu. A wanke ta ciki da waje, kada a bar ko ƙwayar gero, domin ɓeran da ya shigo neman hatsi, wayoyi zai ci. A toshe bakin salansa da soson ƙarfe, a rubuta takarda a liƙa a sitiyari don kada a manta.

Kafin a kulle ta, a canja baƙin mai. A cire kan batir mai alamar ɗebewa, in ba haka ba cikin 'yan makonni zai mutu. A ƙara wa tayoyi iska. Idan zaman zai yi tsawo, a ɗora motar a kan katako. Kada a ja birkin hannu, yakan manne. A bar ta cikin giya, a tokare tayoyin da dutse. Idan ajiyar ta wata biyu ko uku ce, a cika tanki. Idan za ta kai shekara, fetur ɗin zai lalace, sai an zuƙe shi kafin a tayar. Inuwar rumfa ta fi gindin bishiya, kuma kada a naɗe ta da leda, tana riƙe gumi.

Akwai al'adar sa yaro ya tayar da inji na minti biyar ya kashe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wannan batir yake cinyewa, ya tara ruwa a salansa. Ko dai a bar ta a rufe, ko a tuƙa ta na rabin awa duk mako biyu.

Daga ƙarshe, a damƙa amanarta ga mutum ɗaya mai lasin tuƙi, a bar masa kuɗin mai, a riƙa sabunta takardunta da inshora. Ranar fito da ita, bakanike ya duba mai, ruwa, birki da tayoyi kafin a kama hanyar Kurfi.

Motar da ke gida ta dukan gari ce ranar larura. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.