Irin Shuka: Mallakar Wane Ne?



Mas'alarmu ta yau ita ce irin shuka. Tun kaka da kakanni, manomin ƙasar Sakkwato, na Wurno ne ko na Goronyo, idan ya sussuke wakensa, yakan ware mafi ƙoshin ƙwaya ya ɓoye cikin toka har damina ta kewayo, ba da izinin kowa ba.

To, yau masana suna dasa wa iri sinadarin gado na wata halitta, kamfani kuma ya yi rajistar wannan sinadari ya zama mallakarsa. A Amurka, a 2013, Kotun Ƙoli ta hukunta cewa wani manomi, Bowman, ya keta haƙƙin kamfanin Monsanto, domin ya sake shuka waken suyar da ke ɗauke da sinadarin kamfanin, alhali da kuɗinsa ya saya.

Mu dawo gida. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, sinadarinsa daga Monsanto ɗin ya fito, sai dai kyauta aka bayar, ba lada. Madalla. Amma kyauta ihsani ce, ihsani kuwa ba ya wajaba a kan mai yinsa.

Saboda haka, malamanmu na fiƙihu, ku duba mana: shin bai'i ya inganta idan mai sayarwa ya riƙe haƙƙin abin da ƙwaya za ta haifa? Ku kuma manoma, kafin ku karɓi iri, ku tambayi sharaɗinsa.