Gaɓa da Gaba

Kowa ya jawo allonsa da alli. Yau kalma guda za mu duba: gaɓa.

Mutumin Maradi ya san gaɓa. Ita ce ƙasar da ke bakin gulbi, inda ruwa ya tsaya, tudu ya soma. Gulbin Maradi daga wajen Katsina yake tasowa, ya biyo ta Madarumfa, ya wuce Maradi da Tibiri. In ruwa ya janye bayan damana, sai a sauka a yi garka, a shuka tumatir da albasa.

Wasu suna haɗa gaɓa da fadama. Ba ɗaya ba ne. Fadama ita ce kwarin da ruwa ke kwantawa, gaɓa kuwa bakin ruwan ne. Kuma gaɓa ba ta zama wuri guda, ruwa yana cin ta. A shekarar 1945 gulbi ya ƙetare gaɓarsa, ya ci tsohon garin Maradi, har aka maida gari bisa tudu.

Akwai wata gaɓar kuma. Gwiwa gaɓa ce. Kara yana da gaɓa, rake ma haka. Kalma ita ma tana da gaɓa, kun sani a aji: Ma-ra-di, gaɓa 3. A baki, ta gulbi ana jan "ga" ɗinta kaɗan. A takarda kuwa rubutunsu ɗaya ne, sai zancen ya nuna wadda ake nufi.

To, ga inda nake so ku buɗe ido. Harafin ɓ yana da ƙugiya a kai. In kun manta ta, gaɓa ta koma gaba.

Wani dattijo a ajinmu yana da garka 2, ɗaya a bakin gulbi, ɗaya can gaba kusa da hanya, mai rijiya. Ya ba maƙwabcinsa aron ta bakin gulbi, ya rubuta takarda da hannunsa. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma ya manta ƙugiya. Takarda ta ce "garkar da ke gaba". Maƙwabci ya nufi mai rijiya da zuciya ɗaya. Sai da aka je wurin mai gari, shaidu suka yi magana, kana aka shirya. Kafin nan lokacin dashe ya kusa wucewa.

Yanzu ku rubuta: Garkata tana gaɓa. Gidana yana gaba. Ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.