Tushiya Masomin Dawa: Jawabi Ga 'Ya'yan Durɓi Ta Kusheyi Mazauna Birane

 

Mai girma shugaban taro, iyayen ƙasa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da 'ya'yanmu da kuka taso daga Katsina, Kano, Kaduna, Abuja da Legas, muna yi muku barka da zuwa gida. Muna godiya ga Allah da Ya sake tara mu, muna kuma roƙon Ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara, bana babu su. An nemi mu yi magana a kan tarihin garinmu. To, tarihin nan iri biyu ne, akwai wanda aka riga aka rubuta, akwai kuma wanda har yanzu yake a bakin tsofaffi.

Bari mu fara da rubutaccen. Garinmu ƙarami ne, amma sunansa ya je inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba. Ruwayoyin magabata sun nuna cewa Durɓawa su ne gidan sarauta na farko a ƙasar Katsina, tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau mutumin 'Yandoto ya kayar a kokawa ya karɓe sarautar. Tuddan nan da muka buɗe ido muka gani su ne kusheyin da garin ya samo sunansa daga gare su. A 1907 Bature Palmer, wanda yake mulki a Katsina a lokacin, ya sa aka tona wasu daga cikinsu. A 1992 kuma masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suka sake yin tono, suka sami awarwaro na hauren giwa, da wuri, da kayan ado na zinariya, da tasoshin ƙarfe waɗanda ba ƙirar ƙasar nan ba ne. Bincike ya nuna wasu kaburburan sun haura shekara 600. Ashe tun wancan zamani fatake suna ratso Sahara da hajarsu har ta iso nan. Sarautar Durɓi kuwa ba ta mutu ba, domin Durɓin Katsina, Hakimin Mani, yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Wanda yake son ƙarin bayani a kan tsohuwar Katsina ya nemi littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da aka buga a 1981.

Wannan duka yana cikin littattafai, ko bayan ranmu ba zai ɓata ba. Abin da yake hana mu barci shi ne tarihin gidajenmu. Jama'a, mutum nawa ne a zauren nan zai iya faɗin sunan kakan kakansa? Mu da muka shafe shekaru muna riƙe da rajistar makaranta mun sha ganin yaro mai hazaƙa, ya san sarakunan ƙasashe masu nisa, amma da an wuce kakansa sai ya yi shiru.

Laifin ba na yaron ba ne kaɗai. Al'adarmu ta kunya, wadda muke alfahari da ita, tana ɓoye suna. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba su kiran sunan ɗan fari, yaron da aka yi wa takwara da kakansa sai a riƙa ce masa Abba ko Baba. Da haka mutum zai rayu shekara saba'in ana kiransa Dogo, ko Tanko, ko Ɗanjuma, sunan da aka raɗa masa ranar suna ya bi shi kabari. Haka kuma iyayenmu ba su lissafi da kalanda. Sai su ce an haifi wane shekarar zuwan Nasara, wato 1903, ko shekarar Kakalaba, babbar yunwar nan ta 1914, ko zamanin Sarki Dikko wanda ya rasu a 1944. Mu ma da muka ga farin 1973 muna yara, da shi muke auna shekarun ƙannenmu. In wanda ya san ma'anar waɗannan alamomi ya kau, lissafin ya tafi tare da shi.

A da babu mai buƙatar a rubuta masa danginsa, domin zaman gandu ya isa makaranta. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma. In aiki ya yi wa gida yawa sai a kira gayya, samarin unguwa su fito da garemani, makaɗi yana zuga su, kafin azahar an gama. A bakin wannan aiki yaro yake sanin wane ne baffansa, wane ne kawunsa, wane ne taubashinsa da zai yi wa wasa. Da dare kuma kaka ta gaya masa daga ina gidansu ya taso, me ya sa maƙera suke inda suke, wa ya haƙa rijiyar unguwa. Da makarantun UPE suka buɗe a 1976, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hanyar aiki ta buɗe, 'ya'yanmu suka bazu. Alheri ne, mun gode Allah. Sai dai ci-ranin da a da ake dawowa daga gare shi da faɗuwar ruwan farko, yanzu ya zama zama na dindindin, jikoki kuma suna tashi ba su taɓa kwana a gidan da aka haifi ubansu ba.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta nishaɗi ce. Gonakin gado da yawa ba su da takarda. Iyakarsu kuka ce, ko layin gamba, ko tsohuwar suri, shaidarsu kuma dattijo ne. Ranar da aka sare itacen, dattijon kuma ya rasu, sai ka ga 'yan'uwa ciki ɗaya a gaban alƙali. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san magada. Har a wajen aure, tsohuwa ce kaɗai ta san wace ce ta shayar da wane lokacin da uwarsa take jinya, wannan kuwa magana ce ta halal da haram. Addini ya umurce mu da sada zumunci, to yaya mutum zai sada abin da bai sani ba?

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara, kuma aikin ba na kuɗi ba ne. Kowane gida ya sayi littafi guda ya damƙa wa mutum ɗaya amintacce. Duk wanda ya zo Sallah ya ware yini ɗaya ya zauna gaban tsofaffin gidansu, ya kunna wayar da ke aljihunsa ya ɗauki muryarsu. A rubuta sunan yanka tare da laƙabi, a rubuta sana'ar gidan, da inda aka taso, da iyakokin gonaki a gaban maƙwabta da mai unguwa. Wanda boko ya yi wa wuya ya rubuta da ajami. A fara da mata, domin su ne suka san wadda aka kai aure wani gari da wadda aka kawo. Kada a raina abin da tsohuwa za ta faɗa. Baba ta Karo ba 'yar sarauta ba ce, amma da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau ta rubuta labarinta, aka buga shi a 1954, ga shi har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Bayan shekara ɗaya a kawo wa sakataren ƙungiya kwafi, a adana.

Gargaɗi ɗaya za mu yi. Ba don gori za a yi wannan aiki ba. Kowane gari tarin baƙi ne, wani fatauci ya kawo kakansa, wani almajiranci, wani yunwa, wani yaƙi. A rubuta gaskiya yadda aka ji ta, abin da zai tozarta wani gida kuwa a bar shi a cikin gidan. Inda ruwaya biyu suka saɓa a rubuta duka biyun, a faɗi wanda ya ba da kowace.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan da suka rage mana ba su da yawa, kowace damina kuma raguwa suke yi. Wanda zai fara, ya fara kafin ya koma bakin aikinsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.