Ramukan Haƙar Yashi a Fadama da Makomar Kifayen Kogin Kano da Challawa

Takardar da aka gabatar a taron bita kan muhalli da kamun kifi, Nassarawa GRA, Kano



Gabatarwa

Yawancin kifayen kogunanmu a fadama suke hayayyafa. Da zarar ruwan damina ya malala cikin ciyawa, bargi yakan share fili ya zagaye shi da ciyawa ya zuba ƙwai, yauni kuma ya haɗa sheƙa mai yawo a saman ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke kaiwa fadamun Hadeja da Nguru ta ragu. 'Yar fadamar da ta saura kuwa, ita ce tifofin yashi suke ci a bakin Challawa da wajejen Wudil.

Illar ramuka

Rami ya fi fadama zurfi, gefensa a tsaye, ba ciyawar sheƙa. Lokacin cikar ruwa 'ya'yan kifi kan faɗa ciki. Da kaka ruwa ya janye, hanyar komawa kogi ta toshe. Ruwan ya ɗumama, iskar shaƙa ta ragu. Tarwaɗa da gaiwa masu shaƙar iskar sama su jure, tsage da giwan ruwa su mutu. Wanda ya tsira, taru ɗaya ya kwashe shi tun bai kai girman yatsa ba.

Idan ramin ya matso gaɓa, ambaliya kan fasa tsakani, kogi ya bar hanyarsa, ƙasansa ya zaizaye. Inda ake wanke zinare kuma akwai guba. Gubar dalma daga aikin zinare ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma sinadarin makuri da ake kama zinare da shi yana taruwa a naman kifi.

Shawarwari

Na ɗaya, a yanka tazara tsakanin gaɓa da wurin haƙa. Na biyu, kafin a ba da lasisi a nemi rahoton tasiri ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, tare da ajiye kuɗin gyara. Na uku, a kwantar da gefen tsoffin ramuka, a yi musu magudanar da kifi zai bi ya fita. Na huɗu, hukumar kula da muhalli ta NESREA da Cibiyar Binciken Kifi ta New Bussa su riƙa auna ruwan.

Kammalawa

A Argungu, masarauta da Sarkin Ruwa ne ke hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin su, shi ya sa ake fito da manyan giwayen ruwa. Mu ma a sa sarakunan ruwanmu cikin masu duba wurin haƙa, domin su suka san inda kifi ke ƙwai.