Kalmar Ƙarfafa Gwiwa da Abin da Take Ginawa



Kowa a zauren nan ya san tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. A nan wani yaro ɗan Kagara, Abubakar Imam, ya yi karatu har ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta garin nan. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Imam, yana da shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya aika da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Duk aka buga su.

Kyauta aka bayar, aka watse. Abin da East ya yi bayan haka shi ne darasinmu na yau. Ya gane cewa matashin malamin nan yana da bakin ba da labari, ya nuna masa haka, sannan ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936. Can Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa. Malamin aji ya zama mutumin da Arewa duka take karantawa.

Daga nan nake ɗaukar sharaɗi biyu. Na farko, yabon da ke ɗaga mutum yana kama sunan abin da ya iya. "Ka yi ƙoƙari" ba ta kai ko'ina. Ka ce wa yarinya, "Ke kin iya lissafi, ki riƙe shi," ta san inda za ta sa ƙafa. Na biyu, dole aiki ya biyo bayan maganar: littafin da za ka ara masa, ko injin ɗinkin da za ka bar masa ya gwada. Yabon da ba ya tare da dama kirarin maroƙi ne, a ji daɗi a manta.

Iyaye, mu ne muka fi kowa sanin nauyin baki, tunda muna tsoron bakin uwa, muna neman albarkarta. To me ya sa "daƙiƙi" da "ba za ka yi abin kai ba" suka fi saurin fita daga bakinmu? Yaron da aka kira daƙiƙi a aji uku yakan daina ɗaga hannu, malami kuma ya ce ai dama ya faɗa.

Roƙona ga malaman boko da na allo, da iyayen gida a kasuwa da gareji: cikin makon nan kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya faɗa masa abin da ya ga ya iya, ya kuma ba shi aikin da zai nuna shi.

Allah ya shirya mana zuri'a.