But ɗin mota ba wurin kare ba ne

Yau maganar kare zan yi, kuma na san akwai wanda zai ce duk matsalolin ƙasar nan sai kare? A yi min haƙuri, abin a gidanmu ya faru.

Muna da karen gadi a Sabon Gari, Bingo. Cikin watan Afrilu ni da ƙanina muka ce mu kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Samaru, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ƙanina ya ce ai ba za a sa kare inda mutane ke zama ba. Muka ɗaure masa baki da tsumma, muka jefa shi but, muka rufe. Ƙarfe ɗaya na rana fa! Muka tarar da cunkoson tireloli a Kwangila. Kafin mu wuce Palladan bugun da yake yi a baya ya tsaya, ni kuma har na ji daɗi, wai ya kwanta. Da muka buɗe but a Samaru, kare ya kasa ɗaga kai, yawu ya jiƙa tsumman sharkaf.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, duk da digirina. Kare ba ya zufa kamar mu, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, baki buɗe, harshe waje. To mu mun ɗaure bakin, mun kuma kulle shi a akwatin ƙarfe marar iska. Motar da aka rufe a rana kan ƙara zafi da kusan digiri 10 cikin minti goma kacal. Ku lissafa da zafin bazarar Zariya.

Allah ya sa yana da sauran kwana. Ruwa mai ɗan sanyi aka dinga zuba masa a ciki da hammata, ana yi masa fifita, ba ƙanƙara ba.

Yanzu idan za mu kai shi, da sassafe muke fita. Mu shimfiɗa tsohon buhu a kujerar baya, saboda haka maganar ƙazanta ta ƙare. Igiyar a ƙirji take, ba a wuya ba, a maƙale ta jikin bel ɗin kujera, don birki ɗaya na iya shaƙe shi. Gilashi a sauke kaɗan, yadda iska za ta shiga amma kansa ba zai fita ba. In yana cizo, a nemi takunkumin raga da zai bar shi ya yi haki. Ga gorar ruwa, kuma ba a cika masa ciki kafin tafiya, sai ya yi amai.

Masu cewa bari in shiga kasuwa minti biyar in dawo, kun san ba a minti biyar a kasuwar Sabon Gari. Wani ya zauna da shi a inuwa, ko a bar shi a gida.