Gumin Mawaƙi Ba Ganima Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa talakawan Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa!

Wanda ya shiga gonar wani ya yanki gero, ɓarawo muke ce masa. To, wane suna za mu ba mai kwaso waƙa daga intanet, ya zauna bakin kasuwa yana tura wa jama'a a waya, mawaƙin kuwa ko dala bai gani ba?

Doka tana nan. Nijar ta yi dokar haƙƙin masu fasaha tun 1993, ta kafa hukumar BNDA a 1995 domin karɓo musu kuɗinsu. Saura namu. Kowane reshe ya tara mawaƙan garinsa su yi rajista. Masu turin kuma 'ya'yanmu ne, a yi musu nasiha kafin kasuwa mai zuwa.

Allah ya ba talaka nasara!